Wa zai riƙe fayil ɗin malaminmu? Magana kan karatun kula da ma'aikata

Ɗan'uwa matashi, kai da ke shirin cike fom ɗin JAMB a Kurya Madaro ko Kaura Namoda, na san abin da ke ranka: likitanci, lauya, ko injiniya. Idan aka ambaci kwas ɗin kula da ma'aikata, wanda 'yan boko ke ce wa HR, sai ka yi tsaki ka ce ai wannan na masu ɗaukar fayil ne. Ni aikin jarida nake karantawa, ba ni da ko sisi a wancan sashen, amma ina ganin raina shi da muke yi a Zamfara kuskure ne babba.

Duba abin da ya faru a jiharmu. A farkon 2025 kwamitin tantance ma'aikata da gwamnatin Dauda Lawal ta kafa ya ce ya gano ma'aikatan bogi sama da 2,000, har da ƙananan yara da sunayensu ke cikin jerin masu albashi. Yara fa! A matakin tarayya ma, a 2016 ministar kuɗi Kemi Adeosun ta sanar da cire sunaye 23,846 na bogi. Sunan bogi ba ya shiga takardar albashi da ƙafarsa. Wani ne ya rubuta shi, wani ya sa hannu, wani kuma ya kau da kai. Duk waɗannan kujeru na masu kula da ma'aikata ne. Kuɗin da aka biya fatalwa kuwa shi ne albashin malamin lissafi da makarantar garinku ba ta samu ba.

To me ake koya a kwas ɗin? Yadda ake ɗaukar ma'aikaci bisa cancanta, yadda ake tsara albashi da ƙarin girma, horaswa, ladabtarwa, sasanta rikici tsakanin hukuma da ƙungiyar ƙwadago, sai dokokin aiki. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni. Mutum nawa ne a Kaura suka san dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutacciyar yarjejeniyar aiki cikin wata 3 da fara aikinsa? Nawa suka san dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8? Je ka tambayi malamar makarantar kuɗi ko yaron gidan mai ko suna da takarda. Yawanci da baki aka yi, da baki kuma ake kora. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, amma doka ba ta aiwatar da kanta, sai da mutumin da ya san ta a ofis.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye. Saboda matsalar 'yan bindiga, ma'aikacin jinya ko malamin da aka tura ƙauyukan Zurmi da Shinkafi yakan koma Gusau neman a canja masa wuri, kuma wallahi ba za ka ga laifinsa ba, rai ba wasa ba ne. Amma wa zai zauna ya tsara alawus na musamman ga wanda ya yarda ya zauna? Wa zai ce a ɗauki 'yan asalin yankin a horar da su, tun da su ba inda za su? Wa zai tabbatar iyalin wanda ya rasa ransa a bakin aiki sun karɓi haƙƙinsu ba sai sun shekara suna zarya a sakatariya ba? Soja ba zai yi wannan ba, likita ma haka.

Sai dai ba zan yi maka romon baka ba. Aikin nan bai da yawa a gida. Masaƙar Gusau ta daɗe da rufewa, jirgin ƙasan da ya iso Kaura Namoda tun 1929 ya zama labari, gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki, can kuma kowa ya san yadda alfarma ke gaba da takarda. Wataƙila sai ka fara daga Kano, Kaduna ko Abuja, a banki, kamfanin sadarwa ko ƙungiyoyin agaji. Wani zai ce to me ye amfanin koyon adalci wajen ɗaukar aiki a inda wasiƙar ɗan siyasa ke yanke hukunci? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce, jami'in da ya san ƙa'ida yana iya cewa "ranka ya daɗe, doka ba ta yarda ba" ya kuma nuna shafin. Wanda aka ɗora a kujerar bai san komai ba, sa hannu kawai zai yi.

Idan ka yanke shawara, ka sani a jami'o'i da dama kwas ɗin yana cikin sashen gudanar da kasuwanci ne ko na mulki, don haka ka karanta ƙasidar JAMB da kyau kafin ka zaɓa. Ga Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga Bayero da ABU, ka bincika abin da kowacce ke bayarwa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Kaura tun 1983 ma hanya ce, ka yi difloma ka wuce jami'a daga baya. Kada ka tsaya ga digiri kaɗai: cibiyar ƙwararrun fannin, CIPM, wadda aka kafa a 1968, tana da jarrabawarta, kuma kamfanoni na dubawa. Ka kuma iya Excel sosai, don albashi yanzu a kwamfuta ake lissafa shi.

Ke ma 'yar'uwa, da ke nake. Ma'aikaciyar da ke neman hutun haihuwa ko take son kai ƙarar shugaban da ya matsa mata, ta fi sakin jiki idan mace ta tarar a ofishin. A ma'aikatunmu irin waɗannan matan ba su da yawa.