Kurket a Ostireliya: Me ya sa matasa ba sa daɗewa a babbar tawaga?

A wasan kurket babu matakin da ya kai na Test daraja, wato karawar ƙasa da ƙasa da ke ɗaukar har kwana 5. Hanyar kaiwa can a Ostireliya ita ce gasar Sheffield Shield ta jihohi 6. Sai dai shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa shiga tawagar ya fi zama a cikinta sauƙi.

Bayan ritayar David Warner a Janairun 2024, an gwada Nathan McSweeney a gurbin mai buɗe bugu, aka ajiye shi bayan wasa 3. Sam Konstas ya gaje shi yana ɗan shekara 19, ya ci maki 60 a wasansa na farko da Indiya a Melbourne ranar 26 ga Disamba 2024. Amma a rangadin West Indies na 2025 maki 50 kacal ya tara a bugu 6, ya rasa gurbinsa ga Jake Weatherald mai shekara 31.

Wannan na nuna masu zaɓen 'yan wasa sun fi amincewa da wanda ya goge a gasar cikin gida. Ga kuma gasar Big Bash mai gajerun wasanni, wadda ke katse Shield a Disamba da Janairu, daidai lokacin da matashi ke buƙatar koyon haƙurin dogon wasa.

Duk da haka ƙofa za ta buɗe, domin Steve Smith, Nathan Lyon da Mitchell Starc duk sun haura 35. Wanda zai gaje su shi ne wanda ya jera kaka 2 ko 3 yana tara maki, ba wanda ya haska rana ɗaya ba.