Matsakaiciyar Fitila da Haƙƙin Fuskar Ɗan Wasa

Duk wanda ya yi nazarin finafinan Hausa tun daga Turmin Danya na 1990 har ya zuwa yau, zai tarar cewa, ko da yake kyamarori sun inganta ƙwarai, sha'anin haske bai sami kulawar da ta cancance shi ba, alhali kuwa da haske ne mai kallo yake riskar fushi ko nadama a fuskar ɗan wasa.

A ra'ayina, maganin wannan naƙasu yana ga matsakaiciyar fitila mai madubi a bayan ƙwanta, irin mai wat 800, wadda madubinta yake tattara haske ya tura shi gaba, ana iya tsuke shi ko a baza shi gwargwadon bukata, marufanta huɗu kuma suna tsare shi daga zuba inda ba a so. Idan aka kafa ta gefe, sama da kan mutum kaɗan, sai inuwa ta fito da siffar fuska, musamman baƙar fata, wadda hasken gaba da gaba yake shafe kyanta. Sai dai haskenta ja-ja ne, Kelvin 3200 a ma'aunin launin haske, na rana kuwa wajen 5600, saboda haka wajibi ne a sanya mata shuɗiyar leda in za a gama su.

Hukama sun ce mafi alherin al'amura matsakaicinsu, haka kuwa abin yake ga wannan fitila. Lalle ya kamata masu shirya fim da wasan dandamali su ɗauki haskawa a matsayin ilmi mai ƙa'idoji, su ba matasa tarbiyyarsa kamar yadda suke koya musu riƙon kyamara.