Abincin Oganik: Tsakanin Kantin Birni da Rumbun Fakku

A 'yan shekarun nan wasu irin kantuna sun ɓullo a unguwannin masu hannu da shuni na Abuja da Legas da sauran manyan birane. Wanda ya shiga zai tarar da sanyin na'ura da hasken fitilu, ga kayan lambu an jera su reras kamar ba daga ƙasa suka fito ba. Idan ya duba da kyau zai ga galibin kayan ya san su tun yana yaro: garin zogale, da garin kuka, da zoɓo, da acha, da zuma, da man gyaɗa. Sabon abu kawai shi ne kwalbar da aka zuba su, da takardar da aka manna mai ɗauke da kalmar "oganik", da kuma farashin da ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba.

Irin waɗannan kayayyaki su ne ake nomawa ko ake tsinka a garuruwa irin su Fakku, a Ƙaramar Hukumar Kebbe, da ƙauyukan ƙasar Tambuwal da ke kudancin Jihar Sakkwato. Saboda haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne, damuwar da ke kai mai saye wancan kanti damuwa ce ta gaskiya, amma kalmar da yake biya wa kuɗi ba ta isa ta kawar da ita ba. Lafiyar abinci a rumbu da buhu ake tsare ta, kuma haƙƙi ce ta kowa da kowa, da mai kuɗi da talaka.

Me kalmar take nufi?

Noman oganik shi ne noman da ba a amfani da takin zamani, ko maganin ƙwari da na ciyawa waɗanda aka harhaɗa a masana'anta, ko irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Tunanin ya samo asali ne daga mutane irin su Albert Howard, wani masanin noma ɗan Ingila wanda ya yi shekaru yana lura da yadda manoman Indiya ke sarrafa taki, ya kuma buga littafinsa a kan haka a 1940. A 1972 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan noma, wato IFOAM, a ƙasar Faransa. Daga nan harkar ta yi ta bunƙasa, har ta kai a 2017 kamfanin Amazon ya sayi jerin kantunan Whole Foods na Amurka a kan dala biliyan 13.7.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, a Turai da Amurka doka ce ke tsare wannan kalma. Sai gona ta yi shekara 2 ko 3 ba a zuba mata haramtattun sinadarai ba, sai an ajiye lissafin duk abin da ya shiga cikinta, sai kuma mai bincike ya zo ya gani da idonsa kafin a ba da takardar shaida. Wato kalmar shaida ce a kan yadda aka yi noma. Ba ta ce an auna kowane buhu an ga ba shi da guba ba, ba ta kuma ce abincin ya fi gina jiki ba. To, ina ga inda ɗan kasuwa zai iya zuwa maɗaba'a ya buga takardarsa da kansa? Duk wanda zai biya ninkin kuɗi, ya dace ya tambayi mai kanti wace hukuma ce ta ba da shaidar, kuma wace gona ce aka duba.

Abin da bincike ya nuna

A 2012 masana na Jami'ar Stanford da ke Amurka sun tattara bincike fiye da 200 da aka yi a kan wannan batu, suka auna su gaba ɗaya. Ba su sami ƙwaƙƙwarar hujja ba cewa abincin oganik ya fi sauran abinci sinadaran gina jiki, amma sun ga cewa ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a jikinsa. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda tsiro ke ci. Saiwar gero ba ta haɗiye kashin shanu kamar yadda aka zuba shi. Sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun narkar da shi ya koma naitiret ko amoniyam, waɗanda su ne dai abin da takin yuriya ke komawa. Amfanin takin gargajiya na musamman yana ga ƙasar kanta, domin yana sa ta riƙe ruwa, yana ciyar da halittun cikinta, yana kuma hana ta zama rairayi.

Haka kuma kada a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga halitta ba ya cutarwa. A 2011 wata ƙwayar cuta ta ciki ta kashe mutum fiye da 50 a Turai, galibinsu a Jamus, kuma aka gano tushenta a tsiron hulba daga wata gonar oganik. Ɗanyen taki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, shi ya sa dokar oganik ta Amurka ta gindaya kwana 90 zuwa 120 tsakanin zuba shi da girbi. Wannan darasi ne ga masu noman latas da kabeji da tumatir a fadamominmu.

Ƙasar Fakku da buhun yuriya

Akwai masu cewa tun da kakanninmu da taki suka yi noma, sai mu watsar da takin zamani mu koma inda muka fito. Haƙiƙa kakanninmu sun san ilimin ƙasa. Sun san cewa dawar da ke ƙarƙashin gawo ta fi ta fili kyau, kuma kimiyya ta tabbatar da dalili: gawo yana daga cikin itatuwan da ke kama naitirojin daga iska, yana kuma zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Sun san haɗa gero da wake a kunya ɗaya. Sun san gayyatar Fulani su yi mashekari a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Duk waɗannan abubuwa ne da ya kamata a farfaɗo da su, a kuma koyar da su a makarantun noma.

Amma sai mu yi lissafi. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Busasshen kashin shanu kuwa da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Kafin manomi ya sami abin da ke cikin buhu guda, sai ya kai taki tan ɗaya zuwa biyu da ɗoriya. Mangala nawa ke nan, kuma jaki zai yi sawu nawa? Shanu nawa ne za su samar da shi, a lokacin da burtali da makiyaya suke ƙara tsukewa? A da ana barin gona ta huta shekaru. Yau jama'a ta ƙaru, gonar gado an raba ta, babu wanda ke da saura da zai bari.

Tun daga 1913, lokacin da aka fara sarrafa amoniya a masana'anta a Jamus bisa hanyar Fritz Haber da Carl Bosch, abincin duniya ya rataya a kan wannan taki, har masana na ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da shi ake ciyar da su. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature a 2012 ya nuna amfanin gonar oganik yakan gaza na sauran gonaki da kashi 5 zuwa 34 cikin 100, gwargwadon amfanin da yanayin wurin. Ƙasar Siri Lanka ta gwada abin da ƙarfin doka: a watan Afirilu na 2021 ta hana shigo da takin zamani, noman shinkafa ya faɗi warwas, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta fara janye dokar. Mu kuwa a nan matsalarmu ƙarancin taki ce. Lokacin da shugabannin Afirka suka yi taron taki a Abuja a 2006, matsakaicin abin da ake zubawa a kudu da Sahara kimanin kilo 8 ne a kowace hekta, suka kuma sa burin kaiwa kilo 50. Wanda ya ce wa manomin Fakku ya bar takin zamani baki ɗaya don a faranta wa mai saye a Abuja rai, da yunwar iyalinsa yake wasa. Hanyar da ta dace ita ce a haɗa biyun: taki ya raya ƙasa, ɗan takin zamani ya cike giɓi.

Inda haɗarin yake

Idan ana neman inda guba ke shiga abincinmu, to a duba abin da ke faruwa bayan girbi. Wake ba ya daɗewa ƙwari ba su huda shi ba, don haka wasu masu ajiya sukan yayyafa masa maganin dikilobos, wanda shi ne ake haɗa fiya-fiya da shi. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an sami wannan magani a jikinsa har zuwa miligiram 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. A 2016 suka tsawaita hanin da shekara 3. Tambayar da ya kamata kowa ya yi ita ce: waken da Turawa suka ƙi, cikin wa irinsa ke shiga? Amsar ita ce cikin mai sayen ƙosai da alale a bakin tasha. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni, sai dai doka a takarda daban, abin da ake yi a ɗakin ajiya daban.

Guba ta biyu babu hannun masana'anta a cikinta. Gyaɗa da masara idan aka tara su ba su bushe sarai ba, wata irin funfuna takan kama su ta haifar da gubar afilatokzin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masara. Kwalbar man gyaɗa mai takardar oganik ba ta tsira daga wannan ba, muddin gyaɗar a danshi ta kwana.

Abin farin ciki, maganin matsalolin nan biyu ba shi da tsada. Buhun PICS mai rufi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue suka ƙirƙira aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe musu iska, ba tare da ɗigon magani ba. Cibiyar IITA ta Ibadan kuma ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don irin funfunar da ba ta da guba ta rinjayi mai guba. Sai kuma tsohuwar hikima: a shanya a kan tabarma ko leda, a tsince ruɓaɓɓu, a ɗaga buhu daga ƙasa.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, malaman gona na Jihar Sakkwato su mayar da hankali ga kwalbar magani: wane ne ya dace da wane amfani, nawa ake zubawa, kwana nawa ake jira kafin a tsinki tumatir bayan feshi. Akasarin takardun jikin kwalaben da Turanci suke, ga shi mai feshin da Hausa yake karatu, ko da boko ko da ajami.

Na biyu, jami'o'inmu, musamman Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su riƙa ɗebo samfurin wake da gyaɗa daga kasuwannin Tambuwal da Kebbe suna aunawa, suna bayyana sakamakon a rediyo da Hausa. Abin da aka auna aka faɗa wa jama'a, shi ɗan kasuwa ke jin tsoron ɓatawa.

Na uku, idan har akwai mai son biyan ƙarin kuɗi a birni, to ribar ta iso ga wanda ya yi wahala. Tun 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci, ga zogale da zoɓo da zuma, waɗanda ba su cika bukatar takin zamani ba. Takardar shaida ta ƙasashen waje ta fi ƙarfin manomi ɗaya, amma akwai tsarin da manoma ke haɗa ƙungiya su riƙa duba gonakin juna tare da masu saye da malaman gona, wanda ƙasashen Barazil da Indiya suka amince da shi a hukumance. Matan da ke busar da zogale a Fakku za su iya bin wannan hanya, maimakon su sayar a kwano, wani ya zuba a kwalba ya kwashe riba.

Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Kanti mai sanyi da takarda mai ado ba laifi ba ne, amma ma'aunin ci gabanmu shi ne ranar da uwa za ta auno wake a kasuwar ƙauye ta dafa wa 'ya'yanta ba tare da fargaba ba. Allah ya sa mu dace.