Uwargida, Wace Shara Ce Ta Cancanci A Ware?

  A wannan watan hirar tamu a bakin kwandon shara za mu yi ta. Na san za ki ce, duk abubuwan da ke damun gida a rasa abin tattaunawa sai shara? Ki yi haƙuri ki biyo ni, domin magana ce da ake yanke hukunci a kanta a ofis, amma a tsakar gidanki ake aiwatar da ita.

Abin da ya jawo zancen shi ne, a birane da yawa na duniya hukumomi sun daina cewa a kwashe shara kawai. Yanzu doka suke kafawa cewa kowane gida sai ya rarrabe shararsa kafin a zo ɗauka, domin a sake sarrafa wadda za ta sarrafu. A birnin San Faransisko na Amurka, tun 2009 doka ta tilasta wa kowane gida da shago ajiye mazubi uku: shuɗi na kwalabe da gwangwani da takarda, kore na ragowar abinci da ganyaye, baƙi na abin da ya rage. A wani ƙauye mai suna Kamikatsu a ƙasar Japan kuwa, wanda a 2003 ya ɗauki alkawarin rabuwa da shara, sama da gida 40 ake kasa ta. Ki duba fa, gida 40!

Mu ma iskar ta fara kaɗowa. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Jihar Legas ta haramta farar robar nan ta soso da ake zuba abincin sayarwa, sannan a ranar 1 ga Yuli, 2025 ta fara aiwatar da haramcin wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Kuma tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. To, tunda gemun maƙwabci ya kama wuta, gara mu shafa wa namu ruwa. Ranar da kansila ko duba-gari zai zo da takarda cewa a fara ware shara, wa zai yi aikin? Ba maigida ba ne, ya fita kasuwa ko ofis. Ke ce, da 'ya'yanki, da yarinyar da ke taya ki aiki. Saboda haka ya kamata tun yanzu ki san wace shara ce ta cancanci shiga lissafi.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru da ni. Shekarun baya na ɗauki himma, na samo buhuna uku, na ware leda daban, gwangwani daban, sauran tarkace daban. Sati guda ina fama da yara a kan kada su haɗa. Da yaron da ke kwashe mana shara ya zo, ina tsaye ya juye buhunan nan uku a baro ɗaya, ya tura ya tafi juji. Ban ga laifinsa ba, domin wuri ɗaya ya sani. Tun ranar na gane cewa ware shara ba ya da amfani sai in akwai inda kowace za ta je. Don haka duk sharar da aka ce ki ware, ki yi tambaya uku: wa zai ɗauka, ina zai kai ta, me za ta zama?

Mu fara da wadda ta fi yawa. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna kashi 44 cikin 100 na sharar duniya ragowar abinci ne da ganyaye, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ya haura rabi. Ki leƙa kwandonki ki gani: ɓawon doya da dankali, ganyen alayyafo, ruɓaɓɓen tumatir, toka, kashin kaji da na awaki. Ita ce ke wari, ita ke tara ƙuda da ɓera, kuma ita ce ke ɓata kwali da takarda har su kasa saisuwa. A ganina duk dokar da ba ta fara da wannan ba, ta bar jaki tana dukan taiki. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu ba sa zubar da ƙasari ko dusa, na dabbobi ne. Tuwon da ya kwana a yi ɗumame, ƙanzo a shanya. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗibar takin cikin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu. Abin da ya ɓata wannan tsari shi ne leda da fasassun kwalabe da suka cakuɗe da takin, har manomi ya shiga gona yana tsintar roba.

Ko a nan ma akwai lura. Koriya ta Kudu ta hana binne ragowar abinci a juji tun 2005, daga 2013 kuma kowane gida yana biyan kuɗi gwargwadon abincin da ya zubar. Amma a can ƙashin kaza da ɓawon ƙwai ba sa shiga mazubin abinci, saboda wani ɓangare na abin da aka tara abincin dabbobi ake yi da shi. Kin ga ke nan, inda shara za ta je shi ke nuna gidan da za a saka ta.

Kashi na biyu shi ne wanda ya riga ya sami kasuwa: ƙarfe, tsohuwar tukunyar alminiyam, gwangwanin madara da na tumatir, kwali, fasasshen bokiti da gorar ruwa. Waɗannan ba sai an kafa doka ba, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola suna bi gida-gida suna saye, wasu ma musaya suke yi da kofi ko roba. A nan ne nake jin tsoron lissafin hukuma. Idan aka ce ma'aunin nasara shi ne nauyin abin da aka tara, ƙarfe da ɓaraguzan gini za su cika sikeli nan da nan, a rubuta rahoto cewa an cim ma buri, alhali ledar da ke toshe mana kwata tana nan, domin buhu guda nata bai kai nauyin bulo ɗaya ba. Abin da ya dace shi ne a lissafa kowane kashi daban, kuma a yi wa masu wannan sana'a rajista a san su a unguwa, domin su ne ke da hanyar kai kaya inda ake narkarwa. Gaskiya ne ana kuka da ɓata-garin cikinsu da ke sace murfin kwata da wayar wuta, amma maganin wannan shi ne tantancewa.

Kashi na uku shi ne ciwon kanmu: baƙar leda da ledar fiya-wata. Ita ke cika magudanar ruwa, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shigo ɗaki, wanda ya kwanta kuma sauro ya hayayyafa a ciki. Ki tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ke yawo a gari. Ledar fiya-wata tana sarrafuwa, ana wanke ta a narkar a yi wasu kayan roba, matuƙar an tara ta a bushe ba a haɗa da miya ba. Baƙar leda mai laushi kuwa da wuya ki sami mai saye. A duniya baki ɗaya, kamar yadda ƙungiyar OECD ta bayyana a 2022, kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Don haka kada a ruɗe mu da cewa duk ledar da aka ware ta sami mafita. Maganinta na gaskiya shi ne rage karɓa. Ki tafi kasuwa da jakarki ko kwando, ki aiki yaro sayen koko da kwano mai murfi. Su kuma kamfanonin da ke cika mana gari da roba, a ɗora musu nasu kason. A Jamus tun 2003 ake karɓar kuɗin ajiya a kan gorar lemo da gwangwaninsa, in ka mayar da fanko a ba ka kuɗinka. Mu ma ai mun san wannan, da can ba a ba ka lemon kwalba sai ka kawo kwalba ko ka ajiye kuɗi.

Kashi na huɗu shi ne wanda bai kamata a kira shi kayan sarrafawa ba sam, amma dole a ware shi don kare rai. Batir, musamman na mota da na sola mai dalma a ciki, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ragowar magani da ya lalace, allura da sirinji, reza, fasasshen ƙwan lantarki, da robar fiya-fiya ko ta maganin feshi. Don Allah uwargida, kada ki yarda a wanke robar maganin ƙwari a zuba mai ko zoɓo, komai kyanta. Famfas da audugar mata kuma a ƙulle su da kyau, kada su haɗu da abin da za a kai gona ko wanda wani zai sa hannu ya tsince. Ki tuna mai tsintar nan ɗan wata ne. Haka nan ki daina hura gawayi da leda, hayaƙinta guba ne, kuma ke da goyonki ne kuka fi kusa da murhu.

Akwai kuma wani kashi da babu dokar ƙasar waje da za ta tuna mana da shi, wato takardun da ke ɗauke da ayoyi ko sunan Allah: tsofaffin littattafan Islamiyya na yara, kalanda, katin ɗaurin aure. Waɗannan ba sa shiga kwandon shara, kuma ba a sayar wa mai ƙosai ya naɗe kaya da su. Ki tanadi kwali na musamman, in sun taru ki nemi shawarar malamai a kan yadda za a yi da su cikin girmamawa. Duk ranar da aka zo da tsarin tara takarda, wannan magana ce da ya kamata mu mata mu fara ɗagawa.

To me za ki yi daga gobe? Ba sai kin sayi komai ba. Tsohon bokiti mai murfi na ɓawo da ganye, a ba dabbobi, ko a zuba a ɗan rami a bayan gida ana rufawa da ƙasa, cikin 'yan watanni ya zama takin zogale da ɗan lambunki. Buhu ɗaya na gwangwani da gora da ledar ruwa, in ya cika a sayar, kuɗin ya zama na asusun yara, za ki ga yadda za su riƙa tsincewa da kansu. Gwangwani mai murfi na reza da allura da batir, a ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa. Abin da ya rage shi ne shara ta gaskiya, kuma za ki yi mamakin ƙanƙantarsa.

Sannan ki yi magana. A wurin taron suna, a makarantar Islamiyya ta matan aure, a ƙungiyar adashi, ku haɗa baki ku tura wakilai wurin mai unguwa da kansila. Ku ce kun yarda da tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, kun yarda a ware shara, amma a fara kawo mazubi da motar ɗauka a kan lokaci kafin a fara maganar tara. Ba adalci ba ne a ci tarar matar da ta ware shararta, alhali a baro ɗaya za a juye.

Nan zan dakata. Ina jiran wasiƙunku a kan yadda kuke yi da shara a unguwanninku. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa min kan yara.