Canza wa mota bodi a sayar ba a faɗa ba, sunansa ha'inci

'Yan uwa, wannan magana ce a kan abin da masu harkar mota a nan Legas suke kira ofgiredin, kuma na san ba za ta yi wa wasu matasanmu masu dillancin mota daɗi ba. A ɗauko motar 2012, a cire bamba da fitilu da bonet, a sa na sabon yayi, a yi fenti, a ɗauki hoto a zuba a WhatsApp da sunan motar 2020. Mai saye ya biya kuɗin sabuwa ya tafi gida da tsohuwa.

Da can a kan manyan jif aka fi yin haka, irin su Lexus LX 570 da Land Cruiser. Yanzu abin ya koma kan motocin gudu da samari ke mutuwar so, su Dodge Charger da Challenger da Ford Mustang. Ku ɗauki Charger. Kamfanin ya sauya mata fuska a 2015, kuma a wannan samfurin ne aka fito da wadda ake kira Hellcat, mai injin V8 lita 6.2 da ƙarfin doki 707. Ƙaramarta mai V6 lita 3.6 ƙarfinta bai wuce doki 300 ba. Amma bamba da bonet mai hanci da tambarin Hellcat ana samunsu a kasuwa, ko a Ladipo ko a yi odarsu daga China. A 'yan kwanaki fanel bita zai mai da ƙaramar ta yi kama da babbar. Inji yana nan yadda yake, birki yana nan yadda yake, giya ma haka. Hellcat ta gaskiya da manyan birkin Brembo take zuwa, domin wanda ya ƙera ta ya san gudun da za ta yi. Ta jabu kuwa sitika aka manna mata.

Wanda ya sayi motarsa da kuɗinsa, ya ƙawata ta don ya hau, ba ni da magana da shi. Fanel bita da mai fenti ma sana'arsu suke yi, kuma wasunsu gwanaye ne na gaske. Da mai sayarwa nake, wanda ya san abin da ke ƙarƙashin fentin ya ja bakinsa ya yi shiru.

Abin da ke ƙarƙashin nan shi ya fi tayar min da hankali. Da yawa daga cikin motocin gudun da ke shigowa daga Amurka a gwanjo ake sayensu, bayan sun yi hatsari kamfanin inshora ya ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Shi ya sa suke araha. Mota irin wannan gabanta ya riga ya daku. A bayan bamba akwai ƙarfen da ke karɓar duka, akwai na'urorin da ke sanar da jakar iska ta fashe idan an yi karo. Gyara na gari sai an dawo da duk waɗannan. Mai neman riba cikin gaggawa kuma sai ya miƙar da ƙarfen da wuta, ya cika ramuka da fila, ya ɗaure bambar faiba da waya, ya rufe sitiyari ba jakar iska a ciki, ya sa a kashe fitilar gargaɗin da ke kan dashbod. Faiba mai araha tarwatsewa take yi idan ta daku. Sai ka ba yaro ɗan shekara ashirin da biyar wannan mota, yana jin Hellcat yake tuƙawa, ya hau titin Legas zuwa Ibadan da daddare. Wa zai ɗauki alhakinsa?

Na ji masu cewa ai mai saye shi zai buɗe idonsa, kasuwa ce. Wannan hujjar ɓarawo ce. Mutanenmu da ke kiran waya daga Kano ko Sakkwato su ce a nemo musu mota, ba don sun fi kowa kuɗi suke turo miliyoyi ba tare da sun ga motar ba. Sun yarda da ɗan uwansu ne da ke zaune a Agege ko Idi-Araba. Wannan yardar iyayenmu ne suka gina ta a kasuwar shanu da ta goro da ta canji, shekara da shekaru. Dillali ɗaya ya sayar da ita a kan la'adar mota guda, gobe a ce 'yan Legas duk haka suke.

Masu cewa kowa na yi kuma, to, ba kowa ba. Akwai dillalan da ke rubuta a tallarsu ƙarara cewa 2012 ce aka mai da ita 2020, kuma suna samun masu saye, domin akwai mai son kwalliyar a farashin da ya dace da ita.

Ga mai shirin saye: kada ka tsaya kallon fitila. Kowace motar Amurka tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofa. Ƙirga zuwa na goma, shi ne shekarar motar: A 2010, C 2012, F 2015, L 2020. Duba ko lambar gilashi da ta ƙofa da ta takardun kwastan sun zo ɗaya. Sa lambar a intanet, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka gan ta yadda take kafin a taɓa ta. Idan ka murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, an yi mata wasa. Ka je da makanikenka, ba na mai mota ba, ya ɗaga ta ya leƙa ƙasa. Dillalin da ya hana ka ɗaukar hoton lambar shasi, ka mayar da kuɗinka aljihu ka yi masa sallama.