Bindiga a ƙugu: Kotu ta buɗe ƙofa a Amurka, ta bar mai saye da zaɓi

A ranar 23 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar New York da ta haura shekara 100, wadda ta ce sai mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi lasisin yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye. Alƙalai 6 suka amince, 3 suka ƙi, a shari'ar da ake kira Bruen. Tun daga ranar, fita da fistol don kare kai ya zama haƙƙin da tsarin mulki ya tabbatar, ba alfarmar da jami'i zai yi wa wanda ya ga dama ba.

Jihohi da dama ma sun wuce nan. Zuwa 2024, jihohi 29 sun daina neman lasisi kwata-kwata daga baligin da doka ba ta haramta wa mallakar makami ba. Texas ta bi sahu a 2021, Florida a 2023. New York kuwa ta mayar da martani da sabuwar doka: horon sa'o'i 16 a aji, sa'o'i 2 a filin harbi, da jerin wuraren da ba a shiga da bindiga, har da dandalin Times Square.

Wannan ya sa tambayar da ake kai wa shagunan bindiga ita ce: wacce za a saya?

Matsalar tana cikin girman makamin. Bindigar da za ta ɓuya a ƙarƙashin riga dole ta zama ƙarama mara nauyi. Amma ƙaramar bindiga ta fi zabura a hannu idan an harba, mariƙinta gajere ne, saita ta kuma ya fi wuya. Ma'ana, wadda ta fi daɗin ɗauka ita ce ta fi wuyar sarrafawa, musamman ga sabon shiga da hannunsa ke rawa a lokacin tashin hankali. Shi ya sa masu koyar da harbi da yawa ke tura ɗalibansu ga matsakaiciya irin Glock 19, mai cin harsashi 15, ko da za ta ɗan tokare riga.

Kamfanin SIG Sauer ya girgiza kasuwar a 2018 da samfurin P365, mai nauyin kusan rabin kilo amma yana cin harsashi 10. Kafin nan, bindigogi masu irin wannan girman 6 ko 7 suke ɗauka. Sauran kamfanoni suka bi shi a guje. Gardamar girman harsashi kuwa ta lafa tun da hukumar FBI ta koma amfani da mai milimita 9.

Sai dai sunan kamfani ba ya kawar da shakku. Wani samfurin na SIG Sauer, P320, wanda rundunar sojin Amurka ta zaɓa a 2017, yana fuskantar ƙararraki daga mutanen da suka ce ya tashi ba tare da sun taɓa kunama ba, wasu ma yana cikin kube. A Nuwamban 2024 masu taimaka wa alƙali a Philadelphia suka yanke a biya wani da ya ji rauni dala miliyan 11. Kamfanin ya dage cewa bindigar ba ta tashi sai an ja kunama. Ga mai sanya makami a ƙugu daga safe zuwa dare, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da tallace-tallace ba sa faɗa shi ne wanda bindigar ta fi kashewa. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka a 2021, kuma 26,328 daga cikinsu kansu suka kashe, fiye da rabi ke nan. Wani binciken Jami'ar Stanford da aka wallafa a 2020, wanda ya bi diddigin mutum miliyan 26 a California, ya gano mazan da suka mallaki ƙaramar bindiga sun ninka waɗanda ba su da ita kusan sau 8 wajen kashe kansu da harbi. Masu goyon bayan ɗaukar makami na cewa sau da yawa nuna bindiga kawai ke korar ɗan fashi, kuma irin wannan ba ya shiga kundin 'yan sanda. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙirga gawa ya fi ƙirga harin da bai auku ba sauƙi, kuma dokar da ba ta tilasta horo ta bar komai a hannun hankalin mai saye.

Kwanaki kaɗan bayan hukuncin Bruen, gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, ta kuma yi alƙawarin raba fom 500 ga kowace masarauta. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol na cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa ake mallaka. Bindigar farauta kuwa lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ko da an sassauta, barazanar ba iri ɗaya ba ce: fistol an ƙera ta ne don arangamar taku kaɗan da mutum ɗaya ko biyu, maharan Zamfara kuwa a ayarin babura suke zuwa da AK-47.