Idan Maganin Tarin Fuka Ya Yanke a Sito

Ɗalibai kan ɗauka cewa yaƙi da tarin fuka aikin likita ne shi kaɗai. Ni a ganina, ma'ajin sito da jami'in sayen magani suna riƙe da rabin wannan yaƙi, ko da yake ba a cika tunawa da su ba.

Ga dalili. Mai tarin fuka yana shan magani kullum har tsawon wata shida: wata biyu na farko magunguna huɗu, wato rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, waɗanda aka haɗe cikin ƙwaya guda, sauran wata huɗun kuma na farkon biyu kawai. Baligi mai matsakaicin nauyi yana haɗiye ƙwaya uku a rana, jimla 504 ke nan kafin ya gama. To, idan magani ya yanke a wata na uku fa? Ƙwayoyin cutar masu rauni sun riga sun mutu, masu taurin kai ne suka rage. Su za su hayayyafa, majiyyaci ya yi tari ya ba iyalinsa cutar da ba ta jin magani, wadda jinyarta ta fi tsada da wahala nesa ba kusa ba.

Shi ya sa bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin annobar gaggawa a 1993, tsarin DOTS da ta fito da shi ya sa samar da magani ba yankewa cikin ginshiƙansa biyar. A 2001 kuma aka kafa Global Drug Facility domin ƙasashe su sayi ingantaccen magani a dunƙule, da rahusa.

Amma sayen ba shi ne ƙarshen aiki ba. Yawancin maganin daga Indiya yake zuwa, kuma tsakanin oda da saukarsa a Najeriya akan ɗauki watanni. Dole kowace cibiya ta aika da adadin majiyyatanta na gaskiya duk bayan wata uku, a lissafa, a ƙara da na ko-ta-kwana. Ƙididdigar ƙarya kan jawo ɗayan biyu: ko a rasa magani, ko ya yi kwantai har wa'adinsa ya wuce. Zafi da laima ma suna lalata shi a sito.

Dabarar da na fi yabawa ita ce ta kwalin majiyyaci: ranar da aka gano cutar, sai a keɓe masa kwali mai ɗauke da maganinsa na wata shida cif, a rubuta sunansa a kai, kada a taɓa shi don wani.